Ranar da Aka Kama Maigidana da Taɓarya

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da safiyar da aka kama maigidana yana surfe.

Ciki uku na yi, kowanne yana kai wata biyar sai ya zube, ba wani ciwon kirki. A na huɗu ne aka tura mu asibiti a Damagaram daga ƙauyenmu na wajen Bande. Likita ta ce bakin mahaifata ne ba shi da ƙarfi, yana buɗewa tun lokaci bai yi ba. Ta ɗinke shi da zare kamar bakin buhu, ko cikina ba a tsaga ba, kwana biyu aka sallame mu. Amma ta kafa mini doka: ba daka, ba jan guga, sai an kwance zaren a wata na tara. Tsoro kuwa, ko atishawa na yi sai gabana ya faɗi.

Mu biyu ne a gida, ni kuma ga kunyar roƙo. Sai maigida ya riƙa sakaya ƙofa yana yi mini surfen gero a ɓoye, kada abokansa su ji. Mun manta ƙarar turmi tana tsallake katanga.

Rana ta uku Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da muke maƙwabtaka, ta banko ƙofa tana faɗa tun daga zaure: "Ke 'yar nan, so kike wannan ma ya zube? Ba lokotoro ta hana ki ba?"

Sai ta tsaya cak. Ga ni kan tabarma ina cin gyaɗa, ga ɗan wanta riƙe da taɓarya, gumi sharkaf, rabin geron a ƙasa kaji suna shagali.

"Ni dai na san dakan nan babu hannu a cikinsa," in ji ta. "Ba ni nan, kafin ka fasa mata turmi."

Dariya ta kama ni, na dafe ciki ina cewa, "Gwaggo, ki bari don Allah, zaren zai tsinke!"

Kafin azahar labari ya gama gari. Maigida ya sha tsiya a majalisa, amma daga ranar matan unguwa suka raba dakana da ɗiban ruwana tsakaninsu, har aka kwance zaren na haifi 'yata lafiya. Yanzu ita ke yi mini surfe, ta kuma fi ubanta nesa ba kusa ba.

Tun daga nan na daina ɓoye damuwata. Ashe masu taimako suna bayan katanga, jira kawai suke su ji.