Faci Mai Kusurwa Uku

A unguwar ana kiransa Mai Faci, don tun yana saurayi yake gyaran takalma a gindin katangar kasuwa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan da aka tsinci gawar ƙanwarsa a bayan wani kango, an shaƙe ta. Har yau ba a san wanda ya yi ba.

Da ya isa wurin, ya ga sawun takalmin namiji a cikin taɓo. A dunduniyar akwai shatin facin roba mai kusurwa uku, yankan da shi kaɗai yake yi. Ya gaya wa 'yan sanda. Suka tambaye shi su wa ya yi wa irin wannan faci, ya ce rabin mazan unguwa. Suka ce za su neme shi.

Ya koma bakin aikinsa. Mazan suka ci gaba da zuwa, suna tsokanarsa: "Kai, facin nan naka ya fi takalmin ƙarko!" Yakan karɓa, ya kifa takalmin, ya dubi mai shi, ya ɗinke. A hankali suka tsufa suna mutuwa, shi kuma yana raka gawarsu.

Bara matarsa ta ce, "Malam, an ce tsohon direban nan ya cika. Ai shi ne na ƙarshe cikin mutanenka na da."

Ya ce, "To." Ya zauna a bakin gado yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Sai ya tambaye ta ina hularsa.