Ranar da Dakta Ya Zo Kibiya Nemo Bayani

Lokacin da na shiga karatun digiri na biyu a fannin laburare, ni ke riƙe da ɗakin karatu na ƙaramar hukumar Kibiya, iyalina kuwa suna Rano. Ɗakin ciki ɗaya ne, da kantocin littattafan da gara ta ci rabinsu, sai kwamfutocin da ciyaman ɗinmu ya sayo bayan an dawo mulkin farar hula. Suna nan jere cikin ledarsu. Babu wuta, babu intanet, kuma ba wanda ya taɓa zuba musu ko harafi ɗaya.

Ranakun lacca nakan bi motar haya in shiga Kano. Darasin da ya fi gallabarmu shi ne na ƙa'idojin nemo bayani a kwamfuta. Malaminmu wani Dakta ne mai kwat da wando ko ana zafin bazara. Da alli yake koyar da mu. Zai zana da'ira biyu a allo, ya ce wannan ce tarin abin da na'ura ta zaƙulo, waccan ce abin da mai tambaya yake buƙata, inda suka haɗu nan ne nasara. Sannan ya karanto mana daga takardunsa da suka yi ja don tsufa yadda ake ɗaure tambaya da kalmomi uku: da, ko, ban da. Ilimin kansa mai kyau ne, na gane haka daga baya. Amma a bakin Dakta ya zama tamkar koyon iyo a kan tabarma. Har muka yi nisa ba mu taɓa ganin yatsansa a kan kwamfuta ba.

Wata rana ya tambaya ko akwai mai kwamfuta a wurin aikinsa. Na ɗaga hannu, na ce muna da su a Kibiya. Kafin in ƙarasa ya buga tebur.

"Madalla! Can za mu kai ajin nan, ku ga yadda ake yi a aikace."

Na ce, "Yallaɓai, ai babu komai a cikinsu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ka taɓa ganin kwamfutar da babu komai a cikinta? Je ka shirya."

Da na shaida wa ciyaman, sai ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama, don zaɓe ya kusa. Nan da nan ziyarar ɗalibai ta rikiɗe ta zama bikin buɗe laburaren zamani. Aka kafa rumfa, aka sa ranar ta dace da cin kasuwa, aka kwaso jama'a daga ƙauyukan Durba da Fassi a motocin ɗaukar hatsi. Janareta kuwa na aro wurin wani mai gidan kallo da ya rufe sana'arsa tun da aka ƙaddamar da Shari'a. An fito da kwamfuta ɗaya tsakiyar rumfa, an ɗaura mata ƙyalle.

Dakta ya yi dogon jawabi da Turanci ga manoman albasa da tumatir. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai saboda ladabi. Daga ƙarshe ya sauko da Hausa, ya ce duk mai tambaya ya yi, na'ura za ta amsa.

Wani dattijo daga Durba ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce, "Malam, wata tsutsa ce ta addabi tumatirina. Ganye ya bushe, 'ya'yan su ruɓe. A tambayo mini maganinta."

Dakta ya zauna. Ya ɗauki ɗan linzamin kwamfutar ya ɗaga sama, yana nuna allon da shi kamar mai canja tashar talabijin. Wata 'yar ajinmu ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Na matsa a hankali na ajiye masa shi a tebur. Ya shiga farautar haruffa da yatsa ɗaya, gumi na sauka a wuyan kwat. Abin da ya fara buɗowa wasan karta ne, a gaban limaman da aka gayyato. Na yi sauri na rufe. Ya rubuta tsutsa da tumatir, ya danna. Na'ura ta ce ba ta samu komai ba.

Kada ka zaci kunya ta kama shi. Ya juyo ya fuskanci taro ya ce matsalar daga tambayar take, dattijo bai tsara ta bisa ƙa'ida ba. Wace irin tsutsa? Wane jinsin tumatir? Sai mai tambaya ya san abin da yake nema kafin a nemo masa.

Dattijon ya ce, "To, Malam, da na san sunanta da maganinta, me zai raba ni da gonata ranar kasuwa?" Ya koma ya zauna.

Ciyaman ya ga taro na neman sanyi, sai ya ce a bar maganar tsutsa, a nemo sunansa shi ciyaman. Dakta ya raɗa mini in buɗe masa shafin rubutu. Na buɗe. Ya buga sunan ciyaman da hannunsa, ya ce in ƙara wa haruffan girma, sannan ya juya allon ga jama'a. Kai, sai ka ce an ga watan salla! Mata suka rangaɗa guɗa, 'yan jam'iyya suka yi ta ihun tazarce, wani kansila ya rantse wannan na'ura ta fi wasu mutane sanin ya kamata. Dakta ya tafi da buhun shinkafa da kwandon albasa a bayan motarsa.

Da taro ya watse na cim ma dattijon a bakin tasha. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Zo mu je wurin malamin gona." Muka je ofishinsa, muka tarar a kulle, shi ma ya bi tawagar ciyaman cin abinci. Dattijon ya ce ba komai, motarsu za ta tashi.

Bayan 'yan watanni Dakta ya raba mana wata maƙala da ya gabatar a taron masana, a kan nasarar shigar da nemo bayani ta kwamfuta cikin karkara. Ya rubuta cewa manoma sun nuna matuƙar gamsuwa, illa dai suna da ƙarancin ƙwarewar tsara tambaya. Ranar jarrabawa tambaya ta farko daga maƙalar ta fito: mu bayyana darussan da aka koya a Kibiya. Na dubi 'yar ajin nan tamu, ta dube ni. Kowa ya duƙufa ya mayar wa Dakta maganarsa kalma da kalma. Ni da na aro janareta, ni na fi kowa cin maki.