Ranar da Aka Kaɗa wa Ba'adare Takensa a Alƙahira

Abubuwa da yawa na zaman Alƙahira sun zube mini. Baitocin nahawun da na sha wuya na haddace sun gudu, sunayen wasu malamaina ma sai na yi ta lalube kafin in kamo. Amma akwai wata Asabar a farkon shekarar 2014 da har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da ita ba.

A lokacin muna haya a wata shaƙƙa, wato sashen gidan bene, a unguwar Madinat Nasr, dukkanmu ɗalibai daga Najeriya da Nijar. Abokin ɗakina mutumin Adar ne, don haka Ba'adare muke ce masa, shi kuma ya rama da ce mini Bakano sarkin surutu. Gajere ne kakkaura, wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya, ga shi shiru-shiru kamar ba zai iya kashe kiyashi ba. Yana shekarar ƙarshe a fannin Shari'a, 'yan watanni suka rage ya zana jarrabawar fita. Mun daɗe tare kafin in san cewa a gida ɗan kokawa ne, kuma ba ƙarami ba, irin wanda makaɗa suka yi wa take nasa na kansa. Mahaifinsa malami ne mai makaranta, bai taɓa son harkar ba. Ranar da Ba'adare zai taho Masar tsohon ya riƙe hannunsa a gaban 'yan'uwa ya ce, "Ga sharaɗina. Duk ranar da ka sake ɗaga ɗan mutum ka maka da ƙasa, ka tattaro littattafanka ka dawo gida, don ka nuna karatun bai shige ka ba." Ba'adare ya ce ya ji, ya ɗauka.

Wasan zari-ruga kuwa wani Bahaushen Sudan ne ya jefa mu ciki. A Hayyin Ashir yake zaune, kuma tun da a Masar duk mai koyar da wasa kyaftin ne, mu ma Kyaftin muke kiransa. Ya tara samari baƙaƙen fata, 'yan Sudan da ɗalibai irinmu, yana koya mana a wani fili mai ƙura da duwatsu. Ni da nake kamar sillen kara ya ajiye ni a gefe, aikina in an miƙo mini ƙwallon nan mai siffar ƙwai in ranta a na kare. Wata rana ya kawo mana ziyara, ya ci karo da Ba'adare yana hawa bene da tukunyar gas a kafaɗa yana karanta wuridinsa, ko haki ba ya yi. Kyaftin ya bi shi da kallo ya ce, "Ya salam! Abin nema ya samu."

Ba'adare ya ƙi, ya gaya masa alkawarin da ke wuyansa. To amma mu ɗaliban fiƙihu, fatawa ba ta yi mana wuya. Muka zauna muka tabbatar masa kokawa daban, zari-ruga daban. Nan akwai ƙwallo, akwai alƙalin wasa, kuma dokar wasan da kanta ta haramta ka ɗaga mutum ƙafafunsa su wuce kansa. Rungume cinya kawai za ka yi ku faɗi tare. Ya ce to, in dai babu ɗagawa. Kuma wallahi ya riƙe maganarsa, fiye da shekara yana wasa bai taɓa raba ƙafar kowa da ƙasa ba.

Ana nan sai Kyaftin ya zo mana da labari yana rawar jiki. 'Yan wasan da aka zaɓa su wakilci ƙasa suna shirin fita wata gasa, suna neman wanda za su gwada ƙarfi da shi, kuma sun yarda su kara da mu. Muka kalli juna. Waɗannan mutane ne masu likita da mai tausa da abinci na musamman, mu kuwa wake da burodi ne ƙarfinmu. Na ce, "Kyaftin, ko dai gaba kake yi da iyayenmu?" Ya ce, "Kai Bakano, rufe mana baki. Giwa ma a ƙafa ake saranta."

Ya zaunar da mu a ƙasa ya zana filin da tsinke. Ya ce sun fi mu nauyi, saboda haka duk wanda ya tunkare su ƙirji da ƙirji ya kashe kansa. In ƙwallo ta zo hannunmu kada mu tsaya turereniya, mu buga ta can bayansu, manyan nan su juya su bi ta a guje, su dawo, mu sake bugawa, har rana ta cinye su. In sun taho kuwa, mutum biyu kan mutum ɗaya, na farko ya kama idon sawu, na biyu ya wawuri ƙwallo. Kada wanda ya yi musu da alƙali, kada wanda ya yi laifin da zai ba su bugu a ɓagas. Sannan ya dangwala tsinken a tsakiya ya ce duk wasansu a kan mutum ɗaya yake tafiya, wani ƙato mai lamba takwas da muka laƙaba wa Katanga. In ya ɗauki gudu babu mai tare shi, don haka dole a tare shi tun bai ɗauka ba. Ya dubi Ba'adare ya ce, "Wannan naka ne. Inda ya sa ƙafa ka sa. Ƙasa da ƙugu, ka ji ko? Ƙasa da ƙugu." Ba'adare ya ce, "Tamam, Kyaftin."

Ranar wasa muka cika ƙananan motocin haya muka tafi, 'yan'uwanmu ɗalibai da 'yan kasuwa suka biyo mu kallo. Filin kore shar, har kunyar taka shi na ji. Abin mamaki, dabarar Kyaftin ta ci. Muna bugawa suna bi, kafin a je hutu manyan nan sun fara dafa gwiwa. Katanga kuwa duk sanda ya karɓi ƙwallo sai ya tarar da Ba'adare a cinyarsa, su zube tare, Ba'adare ya tashi ya miƙa masa hannu. Ni kaina na samu na tsere na dangwala ƙwallo a bayan layinsu, abin da har gobe nake ba 'ya'yana labari. Aka dawo daga hutu suna gabanmu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kowa a filin ya ga sun gaji.

A cikin 'yan kallonmu akwai wani Alhaji, ɗan garinsu Ba'adare, mai sarin kaya a kasuwar Ataba. Ya san shi tun yana fage. Da ya ga nasara tana leƙowa sai daɗi ya kwashe shi. Ya zubar da ruwan da ke cikin jarkarmu, ya kife ta a cinya ya fara kaɗawa. Ni ban san kiɗan ba, na ɗauka shewa ce irin ta 'yan kallo. Ashe taken Ba'adare ne. Alhaji ya miƙe ya buɗe murya, "Na Adar, dutsen da ba ya jin ruwa! Kowa ya jingina da kai ya kwana ƙasa!" 'Yan Nijar da ke wurin suka ɗauka gaba ɗaya.

Ina kusa da Ba'adare, na ga abin da idona. Ya tsaya cak kamar an kira shi daga nesa. Kafaɗunsa suka fara rawa, tsikar jikinsa ta tashi, idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya sunkuya ya shafi ƙasa ya murza a tafin hannu. Na ce, "Ba'adare, lafiya?" Ko kallona bai yi ba. Na sha jin ana cewa ɗan kokawa yana tsuma in ya ji takensa, na ɗauka zuƙi-ta-malle ce ta makaɗa. Ran nan na gani, kuma tsoro ya kama ni tun kafin komai ya faru.

Aka miƙa wa Katanga ƙwallo ya taho. Ba'adare bai nufi cinya ba. Ya shige ƙarƙashinsa, hannu ɗaya a tsakanin ƙafafu, ɗaya a ƙugu, ya ɗauke ƙaton nan cak. Mutumin da mu uku ba ma iya turawa, sai ga takalmansa suna kallon sama. Na ji Kyaftin yana ihu, "La! La! Sauke shi!" Ba'adare ya juya da shi ya maka da ƙasa, ta wuya.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya ɗanyen rake. Kiɗa ya tsaya. Ƙwallo ta gangara gefe babu wanda ya kalle ta. Katanga yana kwance, idonsa a buɗe, hannayensa a yashe, ba ya motsi. Likitansu ya rugo yana cewa kada wanda ya taɓa shi. Alƙali ya ɗaga jan kati. 'Yan wasansu suka yo kan Ba'adare, Kyaftin ya shiga tsakani yana ta ba su haƙuri da Larabci, "Ma'alish, ma'alish, haƙƙinku a kaina." Shi kuwa Ba'adare ya zauna daɓas a ciyawa yana kallon hannayensa. Da na dafa shi ya ɗago ya ce, "Bakano, me na yi?" Wallahi da gaske yake tambaya.

Muka bi motar asibiti jikinmu a sanyaye. A shekarun nan baƙo ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma, ƙaramin abu sai a soke maka iƙama, wato izinin zama, a sa ka a jirgi. Muna tsaye a baranda har la'asar ta wuce, sannan likita ya fito ya ce ƙashin wuya ya tsage amma laka ta tsira. Zai tashi, zai yi tafiya, sai dai shi da zari-ruga har abada. Gasar da ya yi shekaru yana jira ta wuce shi ke nan. Da 'yan sanda suka zo ɗaukar bayani, Katanga yana kwance an ɗaure masa wuya ya ce musu wasa ne, tsautsayi ne, ba ya ƙarar kowa. Muka yi ta hamdala, muka ce Ba'adare ya tsallake rijiya da baya.

Ashe da sauran rina a kaba. Wani cikin 'yan kallo ya ɗauki abin a waya, kuma don alfahari ya watsa. Kafin kwana biyu hoton ya isa Adar. Abin da ya ƙara girgiza ni, can murna ake yi. Samari suna ta kiran Ba'adare suna cewa ya fitar da su kunya, ya ka da Bamisire a gidansu. Alhaji ma da na tare shi da faɗa cewa ya yi, "Ni fa ƙarfin gwiwa na ba shi, ɗana." Na ce, "Alhaji, da girmanka, amma ka san abin da kiɗan nan yake yi masa, mu ba mu sani ba." Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Muna cin abincin rana wayar mahaifinsa ta shigo. Ba'adare ya miƙe tsaye ya amsa, kamar tsohon yana ganinsa. Maganar ba ta yi tsawo ba. Na ji yana cewa, "Na'am, Baba. Ni ne, Baba. To, Baba." Ya ajiye wayar, ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado.

Babu irin roƙon da ba mu yi ba. Manyan ɗalibai suka kira tsohon, Kyaftin ya kira. Daga ƙarshe labari ya kai wa Katanga a asibiti, ya ce a kawo masa waya shi zai yi magana. Ina wurin tare da Ba'adare, aka kira tsohon, aka buɗe muryar kowa yana ji. Yana ta kokawa da Larabcin littafi don tsohon ya fahimce shi, ya ce, "Ya Shaikh, ni aka ji wa ciwo, kuma na yafe duniya da lahira. Watanni kaɗan suka rage masa. Don Allah ka bar shi ya gama." Tsohon ya yi masa addu'a mai tsawo, har na ce a raina an gama, ya sauko. Sai ya ce, "Ɗana, ka yafe haƙƙinka, Allah ya saka maka da Aljanna. Amma alkawarin nan tsakanina da shi ne. Ba naka ba ne, balle ka yafe."

Katanga ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Ba'adare ya durƙusa ya sumbaci hannunsa, ya tashi ya fita. A makon ya bar Masar, da karatun shekaru a kansa, babu takardar shahada a hannunsa. Mu da muka ba shi fatawa muka zana jarrabawarmu muka ci.

Mun ɓata makonni muna nazarin abokan karawarmu, mun san mai gajiya da wuri, mun san mai tsoron a kama masa ƙafa. Babu wanda ya tsaya ya yi nazarin namu mutumin, ya tambayi dalilin da ya sa uban da ya haife shi ya gindaya masa wannan sharaɗi. Tsohon ya san abin da ke kwance a jikin ɗansa, mu ƙarfin kawai muka gani muka yi kwaɗayi. Tun daga ranar, in mutum ya ce mini ya yi alkawarin barin wani abu, ba na tsayawa nema masa mafita, ko da ina ganin ina da hujja. Nakan ce masa Allah ya taimake ka ka riƙe, in ja bakina in yi shiru.