Harafi na Uku

Jiya a tasha na ji wani jandarma yana cewa "Alfa, Brabo" a rediyonsa, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Aikin rediyo ya yi a soja, kuma har ya tsufa ba ya yarda da sunan da aka faɗa masa ta waya sai an bi shi harafi-harafi, kowane harafi da kalmarsa.

Ranar da mota ta kife a hanyar Agadas, ɗansa Sani yana ciki tare da Sale, ɗan maƙwabciyarmu a Zango. Jandarma ya kira, layi yana ta ƙara. Mun ji dai ɗayansu ya rasu, ba mu ji wanne ba. Iyaye matan biyu suna tsaye a ƙofar zaure, tuwo yana ƙauri a murhu, ba wanda ya kula.

Kawu ya karɓi salular, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Shef," ya ce wa jandarman, "bi mini sunan mamacin a hankali."

Ya riƙa maimaitawa da ƙarfi: "Siyera. Alfa." Duka sunayen haka suka fara, S da A, harafi na uku ne zai raba.

"Nobamba," ya ce. "Indiya. Na ji."

Ya dubi maƙwabciya. "Hajiya, Sale yana da rai. Sani ne." Sai ya zauna a ƙasa, ya kasa ɗaga ido ya kalli matarsa.

Allah ya jiƙansu, uba da ɗa, ya sanyaya makwancinsu.