Fartanyar Koriya

Ina ratsa wani tsohon layin kasuwa a Koriya, inda aka tura mu kwas kan injinan noma, ga ƙamshin soye-soye, ga mafitai masu zane, sai na yi turus.

Fartanya! 'Yar ƙarama mai lanƙwasasshen wuya a ƙofar wani shago, an ɗaura mata jan ƙyalle kamar amarya.

Tsohuwa mai shagon ta kama hannuna ta ga kantar noma, ta buɗe nata tafin. Iri ɗaya. Muka yi ta dariya ba mai jin yaren wani.

Ita na kawo wa Baba tsaraba garinmu Ƙarfi, kusa da Malumfashi. Ya jujjuya ta ya ce, "Sani, ƙasar da ke ƙera mota, abin da ka gano ke nan? Maƙeran Malumfashi sun ƙare ne?"

Na ce, "Baba, ta ado ce, a bango ake ratayewa."

"Fartanya a bango? Allah ya sawwaƙe."

Yau na tarar da shi a fadama yana nome tattasai da ita. Na miƙa hannu in gwada, ya ce in koma Koriya in sayo tawa.

Jama'a, wace tsaraba aka taɓa raina muku, daga baya aka hana ku taɓawa?