Makullan Dattijo Makau

Makau ɗan Iliya shi ne dattijon ƙaramin cocin da ke bayan garin Gummi, mai masu ibada kamar arba'in, yawancinsu manoma da 'yan haƙar zinari da suka zo ci-rani. Fasto sau ɗaya yake zuwa a wata. Sauran kwanakin duk na Makau ne, kuma kowa ya san haka, don tun daga nesa ake jin ƙarar makullan da ya ɗaura a ƙugu.

Shi ke buga ƙararrawa, wato tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiyar darbejiya. Shi ke buɗe ƙofa, ya yi karatu, ya ja waƙa da muryarsa mai kama da tsagin itace, ya yi wa'azi har yara su yi barci. Hatta tsintsiya a ɗakinsa take kwana. A ransa ya tabbata ranar da ya kwanta, cocin ma ya kwanta, kuma wannan tunanin yana yi masa daɗi fiye da kowace addu'a.

Fasto ya taɓa zaunar da shi, ya tuna masa yadda surukin Annabi Musa ya ga mutane tsaye kan Musa daga safe har yamma, ya ce masa ya zaɓi amintattu ya raba musu aikin kafin ya kashe kansa. Makau ya gyaɗa kai. Lahadin da ta biyo baya ya yi wa'azin awa biyu kan wannan labarin, shi kaɗai, sannan ya kulle ƙofa ya tafi da makullin.

Abin da ya fi riƙewa shi ne gaida marasa lafiya. Wata rana Hure, shugabar zumuntar mata, ta je ta yi wa wata tsohuwa addu'a ba da izininsa ba. Ya tsayar da ita gaban jama'a ya wanke ta tas, har ta yi kuka. Daga ranar ba wanda ya sake shiga ɗakin majinyaci da sunan coci.

Bara da damina babur ya kayar da shi a hanyar Bukkuyum, ƙafa ta karye. Aka ɗora shi, ya kwanta, makullai ƙarƙashin matashi. Safiyar Lahadi ya kasa kunne yana jiran shiru, yana shirya irin jan ajin da zai yi idan sun zo roƙonsa.

Sai ƙarfen ya buga, daidai lokaci.

Da matarsa Rifkatu ta dawo, tun kafin rana ta yi zafi, ta gaya masa yadda aka yi. Maƙwabcinsu Haladu maƙeri ya yanke kwaɗon ƙofar cocin. Hure ta ja waƙa, wani mai wankin zinari ya yi karatu, mutum biyu suka share, aka gama cikin awa ɗaya, kuma ba yaron da ya yi barci. Sun raba aikin kashi shida.

Makau ya dubi ƙofar ɗakin. Kwana biyar ke nan ba wanda ya leƙo.

"To, gaida marasa lahiya hwa? Wa anka ba?"

Rifkatu tana ninke gyalenta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanga ba wanda yat taɓa shi. Sun ce naka na."