Soson da Ke Gaɓar Peniasi

Vasiti ba ta taɓa leƙa madubin likita ba, amma duk soson teku da 'yarta Litiana ta yi bincike a kansa, ita ta nutsa ta yanko shi. Mace ce gajera mai faɗa, numfashinta kuwa ko samarin ƙauyen sun sallama mata.

Litiana tana jami'a a Suva, babban birnin ƙasarsu, tana neman ƙwayoyin gadon da ke sa ƙananan halittun cikin soso su haɗa sinadarin kashe cuta. Ta samu rabinsu a wani jan soso, sai samfurin ya ƙare, wa'adin karatunta kuma ya matso.

Ana cikin haka mahaifinta Peniasi ya rasu. Ƙaramin rauni ne a ƙafa ya ruɓe, allura ta kasa. Dattawa suka kafa sandar hani a gaɓar duwatsun murjani inda yake kamun kifi: ba kamun kifi, ba nutso, sai an fita makoki. Jan soson kuma nan kawai yake.

"Mama, wa zai gan mu?" in ji Litiana. "Ɗan yanki ne fa kamar farce."

"Ke, boko ya cinye miki kunya? Ubanki zan yi wa sata?"

Washegari Vasiti ta ɗauki saiwar yangona, wadda ake roƙon manya da ita, ta tasa ƙanin mijinta gaba har zauren dagaci. Ƙanin ya fara kame-kame, ta karɓe zancen, abin da mata ba sa yi a wurin.

"Uwar Litiana," in ji dagaci, "darajar mijinki muke tsarewa. Ke ce za ki ce a taɓa?"

"Ranka ya daɗe, kifin nasa ne, kar a taɓa ko ɗaya. Amma ni na wanke ƙafar nan har ya cika. In akwai magani a ruwansa, shi mai kyauta ne, kun sani."

Dagaci ya tafa hannu ya karɓi saiwar, alamar ya yarda.

Da baƙaƙen kayanta na takaba ta nutsa. Ba a taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Ta yanko soson, ta taso, ta miƙa hannu gefen kwalekwale ba tare da ta duba ba, yadda ta saba miƙa wa mijinta tun tana amarya.

"Ja ni mana, Peni!"

Litiana ta kama hannun ta ja.